Hali Zanen Dutse: 'Yan Rabin Aji a Cikin Hunturu

Ƙanwata malamar rabin aji ce a wata makaranta a nan cikin Dutse, kuma na daɗe ina yi mata kallon wadda ake ba albashi don ta yi wasa da yara. Ranar da baki ya suɓuce na faɗi haka a gaban Hajiyarmu, ba ta tanka da zafi ba. Cewa ta yi, "To Yaya, tunda kana hutu, zo ka taya ni wasan na sati biyu mana." Hajiya ta yi irin dariyar wanda ya riga ya san ƙarshen labari. Farkon Janairu ne, an koma zango na biyu, ɗari ya kankama. Na je. Abin da ke tafe labarin mutanen da na tarar ne, ƙanana da manya, kuma duk wanda ya ga hotonsa a ciki ya sani ni dai ban kama suna ba.

Bari in fara da hunturun kansa, domin a wannan zangon shi ne hedimasta. Da sassafe idan ka fito ka dubi wajen Garu, duwatsun nan da garin ya ci sunansu sai ka neme su ka rasa, hazo ya lulluɓe su kamar an yafa musu mayafi. Masana sun ce kaso mai yawa na ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa gari-gari, iska ta ɗebo ta, ta ratso Nijar, ta sauke mana. Duk tsawon wannan tafiya ba ta ga wurin hutawa ba sai bencin 'yan rabin aji. Kullum sai an share, kafin a tashi ta dawo. Ƙanwata ta daina faɗa da ita. Kafin a goge benci takan ce kowa ya sa yatsa ya zana da'ira, ya ja layi a tsaye, ya ja layi a kwance. Allo ne kyauta daga Chadi, ba alli ba fensir.

Mu da muka shiga firamare a zamanin da ake cewa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa kafin a rubuta sunansa, rabin aji baƙon abu ne a wurinmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC a tarayya da SUBEB a jihohi, ita ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan bugun 2013 na manufar ilimi ta ƙasa ya ware shekara guda kafin aji ɗaya. Masu hali kuwa tun yaro bai gama mantawa da nono ba suke kai shi nazare. Na tambayi ƙanwata abin da ake so yaron ya fita da shi, sai ta lissafa min da yatsu: ya iya rabuwa da uwarsa ba tare da an tara jama'a ba, ya riƙe fensir, ya ƙirga abu yana taɓa shi, ya bambanta ja da kore, ya faɗi sunansa da na unguwarsu, ya jira layi, ya wanke hannu, ya kuma ce yana jin fitsari kafin ya yi shi. Na ce shi ke nan? Ta ce, "Shi ke nan, Yaya. Bismilla."

Na farkon isowa kullum shi ne wanda na raɗa wa Buhu. Uwarsa ta ji a rediyo cewa sanyi na kama ƙirjin yara, ta karɓi maganar hannu bibbiyu. Singileti, rigar barci, suwaita, yunifom, wata suwaitar, sannan jibgegiyar jaket ta gwanjo wadda da gani ka san don wani yaro aka ɗinka ta a ƙasar da ake dusar ƙanƙara. Hular sanyi ta toshe kunne, ga safar hannu, ga safar ƙafa ninki biyu. Hannuwansa a ware suke kamar na mai shirin tashi sama, don ba sa iya sauka. In an miƙa masa fensir sai ya dubi fensirin, ya dubi safar hannunsa, ya dubi Anti, kamar yadda yaran ke kiran ƙanwata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta buɗe, gumi ya fara tsattsafo masa, Anti ta hau ɓare shi kamar albasa, ɓawo bayan ɓawo, sai ga wani ɗan siririn yaro ya fito daga ciki kamar tsinken tsintsiya. Babbar matsalar Buhu fitsari ce. Yaron kirki ne, yana faɗa a kan kari, sai dai tsakanin faɗar da isa ga wandon ƙarshe akwai zif uku da maɓalli bakwai. Sau biyu aka ɗora min wannan aikin ceto, sau biyu muna makara.

Abokin zamansa Gagarau ne, mai zuwa da riga ɗaya tal. Ƙafafu furu-furu kamar ya taka toka, leɓe ya tsage, haƙora na kaɗawa kamar keken ɗinki, amma tambaye shi ko yana jin sanyi, sai ya ce, "A-a-a'a." An ba shi suwaita a gida. Tana cikin adaidaita sahu, ko a kan katanga, ko an dunƙule ta ana buga ƙwallo da ita. Akwai kuma wanda ba shi da ita ɗungurum, shi wannan ba abin dariya ba ne. Ƙanwata na ajiye da tsofaffin suwaitoci biyu a loka saboda irinsa, kuma ba ta cewa ta ba shi. Cewa take, "Zo ka riƙe min wannan a jikinka kada ta yi ƙura."

Sai Amarya, wadda aka shafe da basilin tun daga goshi har tafin ƙafa, tana shigowa tana ƙyalli kamar sabon kwano. Kada ka ce za ka kama hannunta, sulɓewa za ta yi. Man yana maganin kaushi da faso, ba musu, sai dai shi da ƙura masoya ne. Kafin a fita tara ta koma kamar tsiren da aka barbaɗe da ƙuli.

Sarkin Kuka ma'aikaci ne mai kiyaye lokaci, ya fi da yawa daga cikinmu masu karɓar albashi. Yana kama aiki daidai lokacin da babur ɗin babansa ya tsaya a bakin get. Ya ƙanƙame ƙafar uban, ya yi ta kururuwa kamar mahauta za a kai shi. Uban ya tafi rai a jagule, yana waiwaye. Da babur ya sha kwana, Sarki ya leƙa hanya, ya tabbatar 'yan kallo sun watse, ya haɗiye sauran kukan, ya buɗe kwandonsa ya duba abin da aka zubo masa yau. Na zaci shi kaɗai ne, ashe sarautar har da hakimai. Akwai mai kukan zumunci, wanda ba abin da aka yi masa, ya ga ana yi ne ya ga bai dace a bar mutum shi kaɗai ba. Akwai mai kukan ajiya, wanda aka taka da safe, ya adana abin sai da ya hango yayarsa da rana. Da aka tashi kuma uban ya zo ɗauka, Sarki ya sake ɓarkewa, wai shi ba inda za shi, bai gama wasa ba.

Lamba Sha Ɗaya ba ya buƙatar gabatarwa ga duk wanda ya taɓa ganin yaro cikin hunturu. Layi biyu ne a jere daga hanci zuwa leɓe. Shi ne ɗalibin farko da ya iya rubuta 11, kuma bai taɓa fensir ba. An maƙala masa hankici da fil a ƙirji, hankicin nan fes yake har a tashi, domin hannun suwaita ya fi kusa. Mura a ajin nan adashi ce, kowa da ranar kwasarsa, ni na kwashi tawa a rana ta huɗu. Shi ya sa ƙanwata ba ta wasa da wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. To amma ruwan randa a watan Janairu kamar daga firji aka ɗebo shi, yaran da a bazara sai an yi da gaske kafin a raba su da famfo, yanzu daga nesa suke tsayawa suna miƙa wa buta yatsa ɗaya. Sai ta zo da fulas na ruwan zafi daga gida ta surka. Ranar da ta manta da fulas ɗin, na ga yajin aiki na farko da ba a yi taron ƙungiya kafinsa ba.

Akwai wadda na kira Gidan Rediyo. Tun daga bakin ƙofa take buɗe tasha: "Anti, wane ya ci abincinsa tun ba a yi tara ba. Anti, wance ta zage ni a cikin zuciyarta." Waɗannan labaran cikin gida ke nan. Na ƙetare sun fi daɗi, sun kuma fi haɗari. "Anti, jiya Ummanmu ba ta yi wa Abbanmu magana ba, wai zai kawo mana wata Anti." Ƙanwata ta ƙware wajen murɗa tasha, nan take za ta ce, "To madalla, zo ki nuna min ja a cikin kayan nan." Ni kuwa da ba ni da wannan horon, cikin sati biyu na san gidan da aka yanke wa wuta, da wanda mai haya ya yi wa sallama sau uku, da wanda uba ke ɓoye tsire a aljihun babbar riga sai yara sun yi barci. Iyayen Dutse, ku ji tsoron Allah ku rage murya a gaban 'yan shekara huɗu. Sai dai a ma'aunin karatu yarinyar nan ita ce kan gaba: magana cikakkiya, labari mai farko da ƙarshe, ga kwaikwayon murya. Abin da manhaja ke nema na buɗewar baki ta gama nata, har ta shiga na maƙwabta.

Tana da ƙawa mai tambaya, wadda ta fi kowa ba ni wahala. Wa ya kunna sanyi? Ina duwatsu ke tafiya da safe? Rannan ana cire mata suwaita ta ji tana ƙaras-ƙaras, har ta ɗan ja ta a yatsa, irin yadda tufafi ke yi idan iska ta bushe ƙayau. Ta dube ni ta ce, "Ankul, me ya sa rigata take da wuta amma gidanmu babu?" Na ce ta je ta tambayi Anti.

Lokacin tara kasuwa ke ci, kuma mai kasuwar shi ne wanda yara da kansu suke kira Alhaji. A allo idan aka ce ya ƙirga, daga huɗu sai ya dira a bakwai. Amma bari a buɗe kwanduna. Ya san dabino uku ne kuɗin cokali biyu na indomi. Ya san ƙosai da ɗuminsa ya fi wanda ya huce daraja. Ya san guntun rake ba ya sayen awara sai an ɗora magarya a kai. Yana ba da bashi, ba ya kuma mantuwa, ran Litinin zai tuna maka da lomar ran Alhamis. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shuwarin ya san inda yaron nan ya dosa. Ƙanwata ta gano lagonsa, ta daina sa shi ƙirga zane a allo. Dutse garin dabino ne, har reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR a nan yake, don haka ƙwallon dabino ba ya wahalar samu. Ta sa kowa ya tara ƙwallayensa a gwangwanin madara, ta buɗe shago a kusurwar aji da kwalayen ashana da murafun kwalba, ta naɗa Alhaji mai shago. Cikin kwana uku ya kai ashirin ba tuntuɓe, har yana ba da canji. Na je sayayya da ƙwallo biyar, ya ce kaya sun tashi.

Abin alfaharin iyaye kuwa Aku ne. Taɓa shi kaɗan ya zubo: e fo aful, bi fo bol, har zed ba numfashi, sannan jihohi 36 da manyan biranensu, daga Abiya har Zamfara. In an yi baƙi a gida shi ake kira ya yi musu. Wata rana na rubuta harafin farko a allo, babba, shi kaɗai, na ce mene ne wannan? Ya dube ni, ya dubi allo, ya ce bukka. Gaskiyarsa, ya yi kama da bukka. Na ce to Jigawa fa, ina babban birninta? Ya runtse ido ya faro tun daga Abiya, sai da ya bi ta Gombe da Imo kafin ya iso ya ce Dutse. Na ce ina Dutsen take? Ya nuna can bayan katanga ya ce, "Nesa."

Laifin ba na Aku ba ne. A littafin da ke hannunsa, shafin da ke maganar yanayi, an zana wani mutum da aka gina da dusar ƙanƙara, da hancin karas da hula. Gardama ta kaure. Wasu suka ce fatalwa ce, Gidan Rediyo ta ce ta san shi, maƙwabcinsu ne, Alhaji ya ce buhun gari ne aka ɗora wani kan wani, ya tambayi nawa. Ƙanwata ta rufe littafin ta ce kowa ya leƙa taga ya faɗi abin da ya gani. Suka ga hazo. Suka ga kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuwa ya yi kore shar, shi da sai damina ta sauka yake kaɗe nasa. Suka ga mai rake da baro, da tsofaffi sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Daga nan aka jero bazara da damina da kaka da hunturu, kowanne da abin da ake ci a cikinsa, mangwaro, gasasshiyar masara, tumun sabon gero, rake. Wannan darasin ko Lamba Sha Ɗaya bai manta shi ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne yaron da bai ce min uffan ba har na bar makarantar. Daga wani ƙauye ta hanyar Kiyawa iyayensa suka dawo gari. Ba ya amsa waƙa, ba ya ɗaga hannu, a takardar sakamakon zangon farko ma can ƙasa yake. Hunturu lokacin kara ne, an gama girbin dawa, kara ya bushe ana jibge shi ko'ina. Rannan ƙanwata ta sa aka kawo dami guda, ta zube a tsakar aji ta ce kowa ya yi abin da ya ga dama. Aku ya zauna yana jiran a faɗa masa amsa. Gagarau ya mai da nasa takobi. Sarkin Kuka ya karya nasa da hannunsa, ya yi kukan an karya masa. Shi kuwa wannan bawan Allah ya sa haƙori ya ɓare bayan karan sili-sili, ya gutsuttsura totuwar ciki daidai wa daida, ya riƙa soka wannan cikin wancan. Kafin a tashi ya haɗa mota mai taya huɗu, da ƙofa mai buɗewa, har da madubin gefe. Sannan ya ƙera wa Gidan Rediyo tabarau, ta saka ta yi shiru na minti biyar cur, abin da ba wanda ya taɓa samu daga gare ta.

Ku dubi abin da ke cikin motar nan. Ya auna tsawo, domin in gefe ɗaya ya fi ɗaya mota ba za ta tsaya ba. Ya ƙirga tayoyi. Ya san da'ira da mai kusurwa huɗu, ko da bai san sunan da littafi ya ba su ba. Yatsun da suka iya soka sili cikin totuwa ba ta fashe ba, riƙon fensir ba zai gagare su ba. Ga shi ya zauna kusan awa guda kan abu ɗaya, abin da ni da wayata a aljihu ba na iyawa. Bajamushen nan Firidirik Furobel, wanda a 1840 ya raɗa wa irin wannan aji suna Kindagatin, wato lambun yara, da 'yan katakai da ƙwallaye da tsinkaye ya riƙa koyar da nasa yaran. Mariya Montesori kuma, da ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, a kan yaro ya koya da hannunsa ta dage. Yau sunanta na jikin allunan makarantun kuɗi, ana ƙara kuɗin zango saboda shi, ana sayo kayan wasan roba daga Kano a kulle su a kabad kada yara su ɓata. Ga kara nan jibge a bayan kowane gida daga nan har Jahun, dabbobi da masu hura wuta ne kaɗai suka san darajarsa.

Mai Barci ba zan yi masa tsiya da yawa ba. Tun asuba aka tashe shi makarantar allo, ya dawo ya sha koko mai zafi, aka naɗe shi cikin suwaita, ko kai ne. Da yamma kuma Islamiyya na jiransa. Yana barci a zaune, yana yi a tsaye a layin asambule, har a tsakiyar tafi na ga ya yi. Saboda irinsa, da kuma sanyin siminti, ƙanwata kan kwashe ajin gaba ɗaya ta fitar da su shan hantsi. A shimfiɗa tabarmi a jikin bangon da rana ke duka, a jeru kamar ƙadangaru, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sannan a miƙe a yi langa da tsalle-tsalle har jini ya motsa. 'Yan mata su zana 'yar gala-gala a ƙasa, wadda ita ma lissafi ce da ƙafa ɗaya. Mai wucewa zai ce wasa suke, kamar yadda na daɗe ina cewa. A nan ake koyon jiran layi, da kuma yarda an cinye ka ba tare da ka ciji wanda ya cinye ka ba, abin da wasu manyanmu har yau ba su iya ba idan an faɗi sakamakon zaɓe.

Tunda zancen manya ya shigo, barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shugabansu shi ne Baba Na-nawa. "Malama, na nawa ya zo?" Yaron shekararsa huɗu. Ƙanwata ta yi masa bayani dalla-dalla, yanzu yana saka takalminsa da kansa, yana raba abinci da abokai, ya daina duka, yana gane harafin farkon sunansa. Ya saurara yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Duk na ji, Malama, amma na nawa ya zo?" Sannan ya ƙara da ƙorafin da ya kawo shi, wai ɗan maƙwabcinsa na gaishe shi da Turanci, nasa kuwa har yau "ina kwana" yake cewa. Ba shi kaɗai abin ya ruɗa ba. Tun 1977 takardar manufar ilimi ta ƙasa ta ce yaro a wannan mataki a koyar da shi da harshen uwa ko na garin da yake zaune. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa haka har ƙarshen firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar an soke, a koma Turanci. Su yaran ba wanda ya sanar da su ko ɗaya. In fitsari ya matsa, da Hausa suke faɗa. Ni dai abin da idona ya gani, kalmomin Turancin da ƙanwata ke jefa musu kaɗan-kaɗan, Gidan Rediyo mai labari da Hausa ta fi Aku saurin gane inda ake saka su.

Akwai Uwar Taga, wadda ta kawo yaro amma ta kasa tafiya. Tana laɓe a bayan taga, mayafinta ne kawai ke leƙowa, da yaro ya fara sakewa sai ya hango ta, a koma gidan jiya. In ta daure ta tafi, ƙarfe goma waya ta shigo. "Malama, ya ci? Ya sha? Kin cire masa hula? Don Allah kar ki cire." Ba sai na faɗa muku uwar wa ce ba.

Wadda na fi so ita ce Kaka. Ba ta isowa sai rana ta take, jikan a gaba tana biye da fulas ɗin kunun tsamiya. "Ga mijin nawa na kawo muku, ku bi min shi a hankali." In an ce ya makara, sai ta gyara tsayuwa: wane irin boko ne da asubar fari cikin wannan jaura, ubansa ma sai da ya shekara bakwai aka sa shi, ga shi can yana aiki a sakatariya. Tana da ɗan gwangwanin man kaɗanya a ƙullin zane, kuma ba ta bambanta jikanta da na wani, duk ƙafar da ta ga ta yi faso sai ta kama ta shafe, tana yi wa 'yan matan tsiya, wai kishiyoyinta duk munana ne. Rannan ƙanwata ta roƙe ta ta zauna ta yi musu tatsuniya ɗaya. Ajin da ni da tsawata da alkawarin alewa na kasa tsayarwa, tsohuwar nan ba ta ko ɗaga murya ba ya yi tsit. Mai Barci ma ranar ido biyu ya ji ƙarshen labari.

Sai Uban Gaggawa. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991 aka mai da Dutse babban birni, garin ya cika da ma'aikata, da yawansu kuma ƙafa ɗaya a nan ɗaya a Kano. Shi wannan ba ya kashe babur, sauke yaro yake kamar ɗan aike ya kawo saƙo. Ya taɓa kawo yaro da kwandon yayarsa, ya taɓa kawo kwando ya manta yaron. Ran Juma'a tun sha ɗaya ya zo ɗauka, wai za su shiga Kano kafin masallaci, ran Litinin kuma sai an kusa fita tara yaron zai iso da ƙurar hanya a gira. Gara ma mai adaidaitan da ke kwaso yaran unguwa guda, shi ya san kowa da kwandonsa da ƙofar gidansu, kuma ba ya tayar da inji sai ya ƙirga kawuna sau biyu.

Malaman ma ba zan rufa musu asiri don ƙanwata na cikinsu ba. Akwai Anti Mai Tsawa, wadda tun daga bakin titi ake jin darasinta, kuma darasin duka "ku maimaita" ne, ita ce masana'antar da ke ƙera su Aku. Akwai Anti Mai Kaya, rabin hankalinta na aji, rabi na waya inda take cinikin atamfa da turaren wuta, kuma wanda ya san abin da ake biyan malaman nazare a ƙarshen wata ba zai yi saurin jifanta ba. Mai makarantar kuwa tun Janairu hankalinsa ya tafi bikin yaye ɗalibai, inda za a sa wa ɗan shekara biyar alkyabbar jami'a da hula mai tuta, a ɗauki hoto, iyaye su biya.

Nau'i na ƙarshe shi ne Mai Raina Sana'ar Wani. Yakan zo da babbar riga da takalmi mai sheƙi, yana tunanin zai zauna ya karanta jarida. A rana ta biyu ya koma zuwa da tsohuwar riga. A ta huɗu mura ta kama shi, a ta shida murya ta tafi, bayansa ya riƙe saboda zama a kujerar da ba ta kai gwiwa ba, aljihunsa cike da ƙwallon dabino da hankicin da ba nasa ba. Da sati biyu suka cika ya koma gida yana magana da hannu, Hajiya ta dafa masa citta da kanumfari tana dariya ƙasa-ƙasa, ƙanwarsa ta leƙo ta ce, "Yaya, ya wasan?" Bai amsa ba, muryar ba ta dawo ba tukuna.

Ta dai ba ni saƙo in isar, tunda ta ji zan rubuta. A bayan ƙofar ajinta akwai kwali guda cike da safa wari-wari, da hulunan sanyi, da suwaita uku, da takalmi ƙafa ɗaya na hagu, ba wanda ya zo nema. Iyaye, don Allah ku rubuta sunan yaro a wuyan suwaitarsa, ku sa masa wandon da zai iya saɓulewa da kansa, mai takalmin hagu kuma ya zo ya karɓi abinsa kafin a yi hutu.